Dattijon da Ya Ƙi Sakin Hannu

Hajiya Muhibba ta rako ƙanwarta tashar jirgin ƙasa daga Nasarawa, amma hankalinta yana kan wani ma'aikacin tasha. Dogo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, kakinsa ya koɗe amma ya sha guga. Yana riƙe da hannun wani magidanci mai farar shadda, wanda ya sha giya ya yi tatul, yana tangaɗi a bakin layin dogo.

"Sake ni, Baba," in ji magidancin. "Ga tikitina. Mahaifiyata ce kwance a asibiti a Zariya."

"Na ji, Alhaji. Ba zan sa ka a jirgi a haka ba, kuma ba zan bar ka kusa da ƙarfen nan ba."

Dattijon yana waige-waige ko wani zai kama masa, amma kowa ta kansa yake yi. Yadda yake tallafe da mutumin ba ƙyama, Hajiya tana zargin akwai mashayi irinsa a gidan dattijon, ɗa ko ƙane.

Jirgin ya soma motsi. Magidancin ya durƙushe yana kuka. Dattijon ya durƙusa tare da shi, yana kallon taragon ƙarshe, bai san inda zai kai shi ba.