Camfin Irin Gero

Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Karare, da an yi isha'i sai mu kewaye murhun kakata Iya Dije, tana gasa mana gyaɗa a toka. A saman ɗakinta an rataye zangarniyar gero, hayaƙi ya baƙanta ta. Irin shuka ne. An ce mana wanda ya ci iri bakinsa zai karkace. Wata rana na tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce camfi ne. Na ce to mene ne camfi?

Sai ta gyara zama. Wata shekara, in ji ta, aka yi fari, mutane suka fara sauke iri suna dakawa. Wata tsohuwa ta roƙe su, ba wanda ya ji. Da safe sai ta fito da baki a karkace, ta ce iri ta ɗanɗana. Kowa ya tsorata ya mayar da nasa. Haka ta riƙe bakin nan har ruwa ya sauka aka yi shuka. Tun daga nan, abin da aka tsare da tsoro sai a ce an camfa shi.

"Ƙarya ce, Hajara," in ji Iya, "amma ba mai yin ta sai wanda ke sa ran baɗi."

'Yan bindiga sun kashe maigidana a gonarsa, Allah ya jiƙansa. Na gudo Batsari da jikoki uku da ƙullin irin da ya zaɓa da hannunsa. Damina uku ina duba shi ina mayarwa, gonar ba ta shiguwa. Makon jiya muka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, sai na kwance ƙullin na zuba a turmi. Jikata Saude, wadda ni na koya mata camfin, ta riƙe taɓarya.

"Kaka, bakinmu fa?"

Na ce ba abin da zai same shi. Muka dama kunu, suka sha har suka lashe ƙwarya. Da safe na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba fuskokinsu. Bakin kowa daidai yake. Yanzu sun san ƙarya ce, ni kuma ba ni da sauran abin da zan rataye a saman ɗaki.