Matar da Ba Ta Manta da Mai Gadin Gada Ba

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta na ƙarshen baranda a kamfanin ɗab'i, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta sauko da gwangwanayen biskit shida daga kan kabad. Kada yawunku ya tsinke, babu biskit ko ɗaya a ciki. Katuna ne fal, shi ya sa kowa a wurin yake ce mata Anti Gwangwani.

Aikinta buga rubutu. Shekara ashirin da uku tana buga wa Malam marubuci dogon labarinsa na aljanu da mayaƙa, Gadar Tagulla, tun ana amfani da tafireta har kwamfuta ta zo. Malam da biro yake rubutu, rubutun nasa kuwa kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Ita kaɗai ke iya karanta shi. Duk wanda ya shigo labarin sai ta buɗe masa kati: wane ne ubansa, wace ƙafa yake ɗingishi da ita, a wane shafi ya mutu. Sau biyu Malam ya tashi tayar da wani sarkin aljanu da ya kashe da hannunsa, sau biyu tana miƙa masa katin.

Mu masu karatu ba mu san da ita ba. Abin da muka sani shi ne mai gadin gada. A littafi na uku jarumin labarin ya tsayar da wani tsohon soja a bakin gadar, ya ce masa kada ya gusa sai ya dawo. Shi ke nan fa! Littafi na huɗu ya fito, na bakwai, na goma, ba a sake jin ɗuriyar tsohon ba. Abin ya zama barkwanci. In direba ya shanya fasinja a tasha sai ka ji an ce, "Ka mayar da mu masu gadin gada?" Amma ƙarƙashin dariyar nan akwai fargaba, don Malam ya tsufa, ya yi jinya, an ce ma mantuwa ta fara kama shi.

Da rubutun littafi na sha ɗaya ya iso teburin Anti, wanda shi ne na ƙarshe, ta buga shi cikin mako biyar. Yaƙi ya ƙare, jarumi ya koma gida, komai ya yi daɗi. Ta shiga rufe katuna ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan wani da ya yi ja don tsufa. Layi ɗaya ne a jikinsa: yana tsaye, shafi na 212. Katin mai gadin gada ne.

Manaja ya leƙo ya ce injin ɗab'i yana jira. Ta ce ya ci gaba da jira. Ta ɗauki katin ta hau mota sai gidan Malam.

Matarsa ce ta ba da labarin abin da ya faru a falon, don tana nan tana zuba masa magani.

"Malam, ka bar mutum a tsaye."

"Wane mutum kuma?"

Ta ajiye katin a gwiwarsa. Ya karanta, fuskarsa ta canza. Mutum ne mai zuciya, kuma babu abin da ya tsana irin a nuna masa ya manta.

"Na gama littafina. Ki je ki buga kalmar ƙarshe, aikinki ke nan."

"Wallahi Malam ba da yatsuna ba. In ka ga dama ka kashe shi, in ka ga dama ka sallame shi, amma ba zan rufe littafi a kan mutum yana tsaye ba."

"To ke za ki rubuta?"

"Ni ban iya ba. Tunawa kawai na iya."

Ya yi fushi, ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Kwana tara ba ya ɗaga wayarta. Manaja yana ta kumfar baki, ita kuwa ta kafe, ko da yake ta faɗa wa ƙanwarta cewa tsoro ya hana ta sakat: in Malam ya sake kwanciya a kwanakin nan, ita ce ta hana duniya ganin ƙarshen labarin. Rana ta goma matarsa ta kawo ambulan. Shafi huɗu ne, rubutun duk ya karkace.

Kun ga abin da ya faru ranar da littafin ya fito. A shagon littattafai na ga wata nas da kayan aikinta ta buɗe tun tana kan layi, ta leƙa shafukan ƙarshe duk da hararar da ake mata, ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi, an sallame shi!" Wani tela ya toshe kunnuwa yana ihu kada a ɓata masa. Masu ƙorafi ba su fasa ba, wasu sun ce yaƙin ƙarshe ya yi gajarta, wani ya rantse aljanar ruwa ce ta cancanci sarauta. Amma kowa ya sauke ajiyar zuciya a wuri ɗaya, inda jarumi ya iso bakin gada da furfura a gemunsa, ya karɓi mashi daga hannun tsohon ya ce, "Na dawo, baba. Je ka huta." Wata mata ta rubuto wa kamfani cewa mahaifinta da idonsa ya mutu ya sa ta karanta masa wurin sau uku.

Anti, ke ce kika sauke mana wannan nauyi. Ke ce mai riƙon amanar mutanen da ba su taɓa numfashi ba. Sunanki ba ya bangon littafi, ba ya ciki, kuma ba ki taɓa tambaya ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da ke zaune a ɗakunan ƙarshen baranda, kowa da ɗan gwangwaninsa, in kun ga an manta da wani ku buɗe baki, ko da maigidan zai yi fushi.

Makon jiya ta ajiye aiki, yatsun sun gaji. Tana ɗaure gwangwanayenta da igiya sai ga Malam a bakin ƙofa, matarsa na riƙe da hannunsa. Tun ranar faɗan ba su haɗu ba. Ya zaro katin nan daga aljihu, ya miƙa mata, ya ce:

"Na dawo, ƙanwata. Je ki huta."

Ta cire tabarau ta goge idonta. Sannan ta nemi biro ta soke "yana tsaye", ta mayar da katin wurinsa, ta rufe gwangwanin.