Hannun da Ba Wanda Ya Kawo

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Talatu, kuma makon nan na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in zauna in miƙe.

Da kasuwar Terminus ta ƙone, mu shida muka rasa rumfunanmu. Ita ta tara mu a tsakar gidanta a Anguwan Rogo, ta ce ga tsofaffi nan kwance a gidaje, 'ya'yansu na wurin aiki, ba mai yi musu wanka ko ya juya su a gado. Haka muka fara aikin kula da su. Ba mu da oga. Duk Lahadi mu zauna mu raba gidaje da kanmu, mai ciwon baya a ba ta tsohuwa mara nauyi, mai goyo a ba ta gida na kusa. Faɗa kam mun sha shi, kuma ni ce kan gaba, Allah ya sani.

Doka ɗaya ce Yaya ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Sabuwar ma'aikaciya ba ta taɓa jikin tsohuwa sai wadda tsohuwar ta saba da ita ta raka ta, ta sa hannunta cikin na tsohuwar, ta faɗi sunanta. Na taɓa tambayarta ko amarya muke kaiwa. Harara kawai na samu.

Bara muka shiga ƙarƙashin wani kamfani. Albashi na zuwa, an ba mu safar hannu, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga ofis ake raba gidaje yanzu, kuma ni aka damƙa wa biron rabon. Ogan kamfanin ya ce ba mutum biyu a gida ɗaya. Ranar Litinin na tura Hajara, sabuwarmu, ita kaɗai gidan Mama Rifkatu a Daɗin Kowa, tsohuwar malamar makaranta da idonta ya tafi. Kwana uku Mama ta ƙi wanka, gyambon bayanta ya fara ruwa.

Na je da kaina. Ta lalubi hannuna ta riƙe.

"Binta ce. Waccan fa, 'yata, wa ya kawo ta?"

Wallahi kunya ta kama ni. Da Yaya na raye, anya za ta ko gaishe ni?

Ba ta bar gida ko fili ba, Allah ya jiƙan ta. Ɗan abin nan da na raina ta bari. Oga ya karɓe bironsa in ya ga dama. Na kira Hajara daga bakin ƙofa, na sa hannunta cikin na Mama, na faɗi sunanta. Mama ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce a ɗora ruwan zafi.