Damanar da Na Saurari Zuciyar Kaka

Lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, kuma ba mu da makarantar likitoci, sai a tura mu Dakar. Can muke shekara muna haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Faransanci, idan ruwa ya sauka mu dawo gida hutu. Da na iso garinmu Tawa, kowace safiya ina asibiti, ina bin bayan babban likita cikin farar rigar aro wadda ta yi mini yawa. Aikina bai wuce wankin gyambo da ɗaurin rauni ba.

A shekarar nan ne na mallaki robar sauraren ƙirji tawa ta kaina. Malamanmu sun ce kunne ba ya gane ciwo sai ya ƙoshi da jin masu lafiya, don haka ban bar kowa ba a gidanmu: ƙannena, maƙwabta, har tunkiyar Inna. Baba kaɗai ya ce in kai wasana gaba.

Ana nan sai kakata, uwar Baba, ta zo daga ƙauyen Afala ganina. Tun ina ƙarami angonta take ce mini.

"Angona, wagga igiya ta wuyanka hwa? Ɗaure ka sunka yi can?"

Na ce, "Kaka, zauna in ji abin da zuciyarki ke faɗi a kaina."

Ta zauna bisa tabarma tana dariya. Na ɗora ƙarfen a ƙirjinta. Tsakanin bugu da bugu sai na ji wani huci, kamar zugazugin maƙeri. Sau ɗaya na taɓa jin irinsa a Dakar, muna cunkushe kan wani majinyaci. Farin ciki ya kama ni don na gane shi da kaina. Sannan idona ya sauka kan ƙafafunta da suka kumbura, na lura da yadda take haki daga ƴar tafiyar ƙofar gida. Na cire robar daga kunnena.

"Mi ta ce?"

Sunan ciwon yana kaina da Faransanci, amma na rasa shi da Hausa. Na ce, "Zuciya ɗakuna gare ta, Kaka. Ƙofar ɗaki guda ce ba ta rufuwa sosai."

Ta ce, "Ƙohwar da aka buɗewa tun ba a haihi ubanka ba, ai dole ta saki."

Washegari na kai ta asibiti, bayan ta sa mun jira ta ɗaura zanenta na salla. Likita ya daɗe yana sauraro, sannan ya juyo ya ce in faɗi abin da na ji. Na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya rubuta mata ƙwayoyi, ya hana ta gishiri da kanwa.

Hanin gishirin nan ya zama yaƙi. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai Kaka ta kai ƙarata, wai ta auri marowacin da ke ba ta miya lami. Amma tana shan maganin, kumburin ya saɓe. Ba ta koma Afala ba sai ƙarshen hutuna. Kullum bayan la'asar muna inuwar itacen bedi, yatsuna bisa wuyan hannunta, ita kuwa tana ba ni labarin rijiyoyin ƙasarmu ta Adar da matan da suka yi ɗiban ruwa tare, waɗanda duk sun riga ta.

Ta rayu har na gama karatu. A Afala kowa ya ji daga bakinta cewa a ƙirjinta na koyi likitanci, ban kuma taɓa musa mata ba.

Ranar komawata Dakar bayan wancan hutun, ta rako ni tasha a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ta miƙo mini cuku ƙulle a tsumma, ta ce wa direba ya tafi sannu, mijinta ne ya ɗauko.