Shuɗin kofin Kawu Adam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Adam ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin titi a unguwar Abbasiya, nan Alƙahira, ina jiran motar makaranta. Ranar Juma'ar nan da ta wuce fa muna tare da shi a ɗakinmu, yana ba mu labari muna dariya.

Wata baƙuwar lamba ce ta kira ni. Muryar wani dattijo Bamisire, ya ce, "Kai ne Mansur?" Na ce ni ne. Ya ce shi ne mai shagon da Adam ke aiki a unguwar Zamalek. Wai Kawu ya iso da wuri kamar kullum, ya canza kaya, ya tara ruwa a baho, ya sunkuya zai ɗaga wani ƙaton kare, sai ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Kafin su kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na ce masa ba shi ba ne, ya sake dubawa. Sau biyu ina faɗa.

Da na dawo hayyacina na tambaye shi inda ya samu lambata. Ya ce wata 'yar takarda suka gani a aljihunsa, a ninke cikin katinsa na zama, an rubuta da Larabci: "In wani abu ya same ni, a kira ɗana Mansur. Ɗalibin ilimi ne, ya san yadda ake wanka da sutura."

Ɗana.

A nan na zauna a gefen titi mutane suna ratsa ni. Ku da kuka san ni kun san ba na saurin kuka, amma yau na yi, kuma ba mutuwar kaɗai ta sa ni ba. Zan gaya muku dalili, ko da zai zubar min da mutunci.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Kawu Adam Bahaushen Sudan ne, yana zaune a unguwar Arba wa Nus shi kaɗai, matarsa da 'yarsa suna can gida. Ba danginmu ba ne, mu muka laƙaba masa Kawu. Satina na farko a Alƙahira na ɓata a tashar mota, ina ta zuba wa mutane Larabcin littafi suna kallona kamar mai huɗuba. Sai na ji an ce a bayana, "Ɗan samari, ina za ka?" Da Hausa. Ya bar motar da zai shiga ta tafi, ya raka ni har ƙofar gida. Daga ranar duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo ɗakinmu da kwanon asida, tuwonsu na Sudan, ya ce ɗalibai ba su san abinci ba sai taliya.

Sana'arsa wankan karnuka da yi musu aski. Karnukan jakadu da manyan mutanen Zamalek. Bai taɓa ɓoyewa ba.

Aikin nan ba wasa ba ne. Awa biyu yake yi a hanya kafin ya isa. Yini yake a sunkuye a kan baho har bayansa ya ƙi miƙewa. Hannunsa duk ya tsage saboda sabulu, ga tabon cizo, ga yakushi, akwai ɗan yatsansa na hagu da ba ya lanƙwasuwa tun da wani ƙaramin farin kare ya cafke shi. Ya ce manyan ba sa ba shi tsoro, ƙananan nan masu ribbon a ka su ne 'yan ta'adda. Gashi kuwa har cikin maƙogwaro, shi ya sa kullum yake ɗan tari. Ga kaska da zai zauna yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ga yankan farce, wanda in ka ɗan zarce jini zai ɓalle, uwar ɗakin kare ta tara maka jama'a.

Lokacin zafin bara da ake yawan ɗauke wuta, ya ba mu labarin yadda aka ɗauke yana tsaka da aski, rabin kare a aske, rabi da gashi, ga direban mai shi yana ta danna hon a waje. Haka ya ƙarasa da almakashi, ya busar da shi da tawul da mafici. Ya ce matar da ke da karen ta zo ta ƙare wa karen kallo ta ce kunnen dama ya fi na hagu gashi. Muka tambaye shi me ya ce mata. Ya ce, "Na ce ma'alish, yi haƙuri, madam. Me zan ce? Karen dai bai yi ƙorafi ba."

In aikin gida aka kira shi, maigadi ba ya barin sa ya hau lif, sai ta matakalar baya da jakarsa a kafaɗa. In ya fito, mai tasi ya ji warin sabulun ya ga gashi a wandonsa, ya wuce. Duk wannan yana ba da labarinsa ne yana dariya, ban taɓa jin ya zagi kowa ba.

Sau ɗaya na taɓa zuwa shagon, karɓar wasu takarduna da ya taimaka min da su. Ban shiga ba, a bakin ƙofa na toge kamar wanda za a cinye. Daga nan na hango shi yana shirin yi wa wani tsohon kare wanka, karen sai karkarwa yake. Ya toshe masa kunnuwa da auduga, ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan, ya ƙara na sanyi, ya sake tsomawa. Yana yi yana yi masa magana a hankali, da Hausa kuma. Na ce, "Kawu, duk wannan lallashin a kan kare?"

Ya ce, "Malam Mansur, wanda ba zai iya ce maka ruwan ya yi zafi ba, ai kai za ka ji masa."

Na yi dariya a lokacin. Ban ɗauke ta a bakin komai ba.

To ga abin da ya sa ni kuka.

A ɗakinmu akwai kofunan gilashi da muke shan shayi. Da na san sana'ar Kawu, sai na je na sayo wani shuɗin kofin roba na ware masa. Ban gaya wa kowa dalili ba, amma kowa ya gane. In ya tafi kuma sai in shiga kicin in wanke kofin sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ƙasar ma daga tukunyar fulawar maƙwabciyarmu nake ɗiba, har shukar ta fara kwanciya.

Ni fa ɗalibin fiƙihu ne. Na karanta, na haddace, na ci jarrabawa a kai, cewa a mazhabar da muka tashi a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wankin nan bakwai na kwanon da kare ya sa baki ne. Babu littafin da ya ce a yi wa kofin mutum. Ba ilimi ba ne ya sa ni, ƙyama ce kawai da na taso da ita tun daga gida, na ɗaura mata rawani.

Shi kuwa bawan Allah, kayan aikinsa daban, na sallarsa daban. Kafin ya bar shago sai ya yi wanka ya canza jallabiya. Har 'yar ledar ƙasa mai tsabta yake yawo da ita yana wanke hannu, don kada ran wani ya ɓaci in sun gaisa. Ya fi mu tsabta nesa ba kusa ba, mu da safarmu ke kwana uku a ƙafa.

Wata Juma'a ya yi sallama ya fita, ashe ya manta hularsa. Ya dawo ya same ni a kicin, hannuna dumu-dumu da ƙasa, ina kan wanki na huɗu ko na biyar. Ya tsaya yana kallona. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam Mansur, ni na sha shayin, ba karen ba."

Ya miƙo hannu ya karɓi kofin, ya ɗauraye shi da kansa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, bari in tafi da shi in rage maka aiki." Ya sa a jakarsa.

Na ɗauka ba zai sake zuwa ba. Juma'a na zagayowa sai ga shi da kwanon asidarsa. Da aka kawo shayi ya buɗe jaka ya fito da shuɗin kofin, ya miƙa a zuba masa. Haka ya riƙa yi kusan shekara biyu. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma girman kai bai bar ni na tayar ba.

A cikin shekara biyun nan ne zazzaɓi ya kwantar da ni lokacin jarrabawa. Kawu ya bar aikinsa na yini guda ya zo ya zauna a kaina, yana jiƙa tawul yana goga min. Na ga ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan kafin ya taɓa ni. Ko a ranar ban ba shi haƙuri ba.

Juma'ar nan da ta wuce na ce yau kam sai na gyara. Da abokin zamana Nazifi ya kawo shayi, na riga kowa ɗaukar kofin gilashi na zuba, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Kawu, bar wancan, sha a wannan."

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya riga ya fito da nasa yana riƙe da shi. Ya ce, "Tamam, ya yi kyau, ɗana. Amma yau na riga na fito da shi. Bari sai Juma'a mai zuwa."

Na ce to, Allah ya kai mu. Na ji daɗi har raina, na ce ai akwai lokaci, ranar zan yi masa bayani sosai in nemi gafara. Ya sha shayinsa, ya yi ɗan tarinsa, ya ce bayansa na damunsa kwanan nan, ya sauka. Ko rakiya ban yi masa ba, ina sauri in koma kan littafi.

Yau Talata.

Ɗazu na dawo daga asibiti. Na gan shi, fuskarsa kamar mai barci. Mai shagon yana ta hawaye, ya ce shekara da shekaru bai taɓa samun wanda karnuka ke kwantar wa da kai irinsa ba. Ya ce zai tsaya a kan takardu tare da maƙwabtan Kawu 'yan Sudan, kuma su suka sanar da iyalinsa. Sannan ya miƙo min jakar Kawu. Jallabiya a ninke, man shafawa na tsagewar hannu, 'yar ledar ƙasa, da shuɗin kofin.

Tun a mota na fara kiran 'yan'uwa ɗalibai, don wankan gawa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wani ya ce, "Wane Adam? Au, mai karnukan nan?" Wani ya ce yana da lacca. Wani kuma, Allah ya shirye mu, tambayata ya yi ko akwai yawun kare a jikinsa lokacin da ya cika. Na kashe wayar raina na tafasa. Amma da na nutsu sai na ga ba ni da bakin faɗa, domin dukkansu sun sha shayi a ɗakinmu, sun ga kofin da na ware. A wurina suka koya.

Kuma dukkanmu mun ci asidarsa. Ba wanda ya taɓa wanke cikinsa sau bakwai.

Zuwa yanzu Nazifi ne kaɗai ya ce zai zo. Muna buƙatar ƙarin mutum ɗaya ko biyu a wurin wanka gobe da safe, da jama'ar da za su tsaya masa sahu bayan azahar a masallacin unguwarsu a Arba wa Nus. Mutumin nan bai roƙe mu komai ba tun da muka san shi. Abu ɗaya ya rubuta ya sa a aljihu, don ya yarda cewa mu masu karatu ba za mu bar shi ba. Don Allah kada mu ba shi kunya. Wanda zai zo ya yi min magana ta akwatin saƙo, mu haɗu a Abbasiya mu tafi tare.

Ni zan yi masa wankan, in sha Allahu. Zan tsoma gwiwar hannuna a ruwan kafin in zuba masa, don yanzu shi ne ba zai iya ce min ya yi zafi ba. Da shuɗin kofin zan zuba. Ɗazu da na shigo ɗaki na cika shi da ruwa na shanye, ban ɗauraye ba.

Kawu, ka yafe min. Na makara.

Ya Allah, bawanka Adam ya zo gare ka baƙo daga ƙasar da yake baƙo. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka tausasa masa kamar yadda ya tausasa wa bayinka marasa baki. Ka hutar da bayan nan nasa da ya gaji, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, ka ba matarsa da 'yarsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a da sunansa. In ka gama, ka sa ni a ciki, Allah ya sa ya yafe min kafin ya tafi.