Karafan Ɗin da Kawu Bai Dawo da Shi Ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni Doha. Kafin ya zo nan ya shafe ƙuruciyarsa kaf yana jan tirela tsakanin Funtuwa da Legas, kuma ba ka zama da shi ka tashi ba ka san haka ba. Labarin gangaren Jebba, ranar da birki ya tsinke masa da masara har saman bodi, na ji shi har na haddace inda yake tsayawa ya kurɓi shayi. A Doha kuwa direban gida ne a wata gona a Umm Salal, yana kai yara makaranta, yana jiran uwargida a bakin kasuwa. Ni ina gadi a wani bene, ina kwana a unguwar Al Asmakh a ɗakin da muka yi masa yawa. Tun ina ƙarami "ɗana" yake ce mini, ko a gaban 'ya'yansa na cikinsa.

Abin da ya fi ƙona masa rai a ƙasar nan shi ne lasin. Na gida da ya zo da shi, na manyan motoci, an duba an miƙo masa abinsa, aka ce ya je makaranta. Ya je ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa aka koya masa shiga shataletale, aka ba shi na ƙaramar mota. A nan kowane lasin da iyakarsa. Akwai nauyin da aka yarda ka ɗaura a bayanka ka ja, in ya wuce haka aikin mai wani ajin ne, kuma ita kanta motar akwai abin da masu ƙera ta suka ce kada a wuce. Kawu ya san wannan sarai, raina shi kawai ya yi. Cewa yake, "Dokar mutanen da ba su taɓa ganin gangare ba. Ƙasar da ko tudun kirki babu, me za a gaya mini?"

Idan sanyi ya shigo mutanen ƙasar nan sahara suke fita su kafa zango, su yi watanni suna zuwa duk ƙarshen mako. A wannan shekarar kafil ɗin Kawu, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, ya sayi karafan. Ɗaki ne sukutum a kan taya, da falo da banɗaki da wurin girki, da tankin ruwa maƙale a bayansa. Ranar da na fara ganinsa a gonar, jif ɗin da za ta ja shi ta zama kamar ɗan maraƙi a gaban amalanke.

Ba zan ɗora wa kafil laifin da ba nasa ba. A gabana ya tambaya. Ya ce ko lasin Kawu ya kai, in bai kai ba a kira babbar mota ta ɗauka. Kawu ya yi wata dariya, ya buga ƙirji, ya haɗa Larabcinsa na tasha ya ce shi da ya ja abin da ya ninka wannan, yana tsaye za a kira wani? A wurin direbobin da Kawu ya taso cikinsu, mota ba ta cika, kuma namiji ba ya duban kaya ya ce sun yi masa yawa. Wanda ya faɗi haka a tasha ya sha dariya har ya bar sana'ar. Kafil ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yalla, shi ke nan."

Ranar da za a kai karafan sahara ina hutu, sai Kawu ya ce in zo in taya shi. Bayan an ɗaura ƙugiya an maƙala sarƙa, na nufi gaban jif, sai ya tare ni.

"Ina za ka? Ciki za ka shiga ka riƙe musu tangaran. Yaron mota a kan kaya yake zama."

"Kawu, an hana mutum ya zauna a ciki in ana tafiya."

"Ka rufe labule. Ɗana, kai fa tsoronka ya yi yawa, na rasa wa ka gado."

Na shiga. A gida ma ai haka muke, a kan buhu na yi tafiyata ta farko zuwa Kano. Ya turo ƙofar ya danna ta daga waje.

Cikin unguwa lafiya lau, sai ƙarar kofuna a durowa. Da muka hau babban titi ya ƙara wuta, sai na fara jin wani abu a tafin ƙafata kafin kunnena ya ji. Ruwan tankin baya ne yake gudu daga wannan gefe zuwa wancan, kuma duk inda ya nufa sai ɗakin ya bi shi. Wata tanka ta wuce mu da iskarta. Ƙasan ɗakin ya tafi hagu, ya dawo dama, ya sake tafiya hagu fiye da na farko. Buta ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kujera. Na ɗaga labule na ga farin layin titi yana shiga ƙarƙashinmu yana fitowa. Na kira wayar Kawu ba a ɗauka ba, daga baya na gane ba shi da hannun ɗauka. Na kwanta rub da ciki na rungume ƙafar tebur ina kalmar shahada, tangaran ɗin da aka ce in riƙe suna tarwatsewa a kaina. Ban san tsawon lokacin ba. A hankali lilon ya ragu, muka koma tafiyar hawainiya har muka sauka kan rairayi a wurin zangon, inda mutanen gidan suka riga mu isa.

Da ya buɗe mini ƙofa yana dariya ya buɗe. "Me ya faru? Na ga fuskarka kamar ka haɗiyi kwaɗo." Amma ana wannan sanyin rigarsa ta manne a bayansa sharkaf. Mai girkin gidan ya miƙo masa shayi, ya karɓa, kofin yana kaɗawa har ya zuba masa a yatsu, sai ya ajiye a kan taya ya ce ya yi zafi. Ya ga na gani. Kafil kuma ya zo ya dafa shi yana ta yabonsa, ya ce in zango ya tashi Kawu ne zai maido da karafan.

Wannan kalmar ce ta tsaya mini a rai duk tsawon sanyin. Karafan yana can cikin rairayi yana jira, kuma kullum ƙara ƙiba yake. Duk ƙarshen mako Kawu ne yake kai iyalin, ba kuma a taɓa zuwa hannu rabbana ba. Yau janareta, gobe babban firij, jibi kafet da tukwanen gas da kujerun ƙarfe. Abin da aka kai ba ya dawowa, ciki ake turawa. Da na bi shi wata Juma'a na tarar an ƙara wani tankin a kan na farko, tayoyin sun nutse a yashi, ɗaya ma gefenta ya fara tsattsagewa saboda rana. Na ga Kawu ya zagaya ya dudduba, ya sa ƙafa ya daki tayar, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙugiyar. Da ya juyo ya gan ni sai ya kama gyaran hula.

Ya daina ba da labarin Jebba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya sako tirela a zancen, ya koma in an taɓo mota sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Da iska ta fara ɗumi, aka fara ganin masu zango suna kwaso kayansu, sai na ja shi kasuwar Souq Waqif na saya mana shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito fili. Na ce in 'yan sandan hanya suka tsayar da shi lasin ya tafi, wataƙila da zamansa a ƙasar gaba ɗaya, kuma wannan shi ne mai sauƙin. Na ce ya je ya gaya wa kafil a kira babbar motar nan.

"In ce masa me?"

"Ka ce kayan sun yi yawa."

Ya ajiye kofi. "Yaushe ka fara koya mini tuƙi? Ranar da aka haife ka ina kan hanyar Ilorin."

"Kawu, ina ciki fa ranar nan."

Ya juya yana kallon masu turin baro suna wucewa da kayan mutane. Can ya kwance agogon hannunsa, wanda ban taɓa ganinsa ba shi ba, ya tura mini a kan tebur. Ya ce maɗaurin yana damunsa, in riƙe masa. Ya ce wannan karon ba sai na zo ba, shi kaɗai zai je. Da muka tashi rabuwa ya riƙe hannuna ya ce in akwai abin da ya taɓa yi mini in yafe. Ya faɗa da wasa-wasa, amma bai saki hannun da wuri ba. A nan na gane cewa ya san abin da na sani, kuma ya zaɓi ya hau titin nan a kan ya buɗe baki ya ce ba zai iya ba. Haushi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Tsoho da furfura, zai je ya kashe kansa, wataƙila da bayin Allah da ba su san hawa ba, don kada direbobin wata tasha da ba su ma san yana raye ba su yi masa dariya.

Mutum ɗaya ce a duniya in ta ce wa Kawu zauna zai zauna. Mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, Innata ce ta goya shi, har yau kuma Auta take ce masa. Na san in na kai mata maganar na yi abin da ba a yi, ɗa ya kai ƙarar kawunsa a bayan idonsa. Na kwana biyu ina juya agogon nan a aljihu, sannan na kira Funtuwa na gaya mata komai, har da rigar da ta jiƙe da kofin da ya kaɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko muna zaune a inuwar dabino a gonar, ana jibi za a tashi zango, wayarsa ta yi ƙara. Ya ga ita ce ya gyara zama. Muryar Inna ba ta buƙatar lasifika.

"Auta, an ce mini ɗaki za ka ja da ƙaramar mota."

"Yaya, wa ya gaya miki wannan magana?"

"Ba tambayar da na yi maka ke nan ba. In ka ɗaura abin nan a bayanka ban yafe ba."

"Yaya, ki bari in yi miki bayani."

"Na gama magana."

Ya ce, "To, Yaya." Ya kife wayar a cinya. Kallona kawai ya yi, na sunkuyar da kai. Sannan ya tashi ya karkaɗe riga ya nufi inda kafil yake zaune da baƙinsa. Ina hango shi daga nesa, ya tsaya ya haɗa hannu a gaba, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba tun da ya fara riƙe sitiyari. Kafil ko ɗago kai sosai bai yi ba. Ya ce, "Khalas, ba komai," ya danna waya, kafin Kawu ya dawo inuwa an gama magana da masu babbar mota. Ina jin wannan sauƙin ya fi komai yi masa ciwo.

Aka ɗauko karafan a bayan wata doguwar mota, aka dire shi a gonar aka lulluɓe da tamfol. Ko da Kawu ya ja zai kai, ko ba zai kai ba, babu wanda ya sani, ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne daga ranar kafil ya fara lura da furfurarsa. Aka ce wani direban ya riƙa kai yara, don a hutar da shi. Sai kasuwar uwargida ma ta koma hannun wancan. Kawu ya koma buɗe ƙofa da wanke motocin da ba ya tuƙawa. Da kwantiraginsa ya ƙare bai nemi a sabunta ba. Na kai masa agogon ranar da zai tafi, ya ce in bar shi, a gida ladan ya ishe shi sanin lokaci.

Ban yi nadama ba, kuma da za a maimaita zan sake kiran Inna. Duk shekara in sanyi ya shigo ina tsaye a bakin benen da nake gadi ina ganin karafan suna wucewa a bayan motoci, wasu wutsiyarsu tana rawa, sai in ji tafin ƙafata ya tuna. Kawuna yana raye, da ƙafafunsa biyu.

Da na je hutu bara, ban ko huta ba na nufi gidansa. Tun daga kwanar layin na jiyo muryarsa, yana kan tabarma a ƙofar gida matasa sun kewaye shi, ya kai daidai inda birki ya tsinke a gangaren Jebba, hannayensa biyu a sama suna riƙe da sitiyarin da babu. Farin ciki ya kama ni har na ƙara sauri. Yana ganina ya sauke hannayen. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar nan cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Doha. Sannan ya dubi ɗaya daga cikin matasan ya ce, "Ku kawo wa malam ruwa, daga nesa yake." Ya matsa ya ba ni gefen tabarmar da ake ba baƙi.