Arewa da Kudu a Allon Yaya Sani

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, kuma har yau in na zauna gaban kwamfuta sai na tuna da tasa, raina ya yi nauyi.

A ƙarshen shekarun casa'in yana da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, Gusau. Kwamfutar kowa a lokacin tagogi ne birjik a allo, wannan bisa waccan, sai an ja su da linzami, wato maus. Shi ya ƙi wannan. Ya yi makonni yana gyaran tsarin tasa, har ta kai duk tagar da ya buɗe sai allon ya rabu da kansa, kowace ta kama gefenta. Ya cire linzamin ya jefa a durowa, komai da madannai yake yi. Ɗan manoman Furfuri ne, ba ya son ganin abu ya hau iyakar wani. Mukan tsokane shi cewa ya mai da allo gona, shi ko a jikinsa.

Da ya ga wayoyin yau, saƙo na faɗowa bisa saƙo, na san tsaki zai ja ya miƙo mini abata.

Bayan rasuwarsa rigima ta taso kan iyakar gonar mahaifinmu. Dattawan da suka san iyakar duk sun rasu, amma Yaya Sani ya taɓa zama da su, ya buga bayaninsu a kwamfutar. Na ɗauko ta zuwa Tsafe inda nake koyarwa. Ina kunnawa sai ga takardar a tagar hagu, layukan farko a fili, amma duk abin da na danna tagar dama yake shiga. Na san yakan riƙe wani madanni ya haɗa da harafi. Na gwada H don hagu, na gwada D don dama, shiru. Kwana uku ina kallon maganar dattawanmu kamar tuwo a bayan gilashi. Na gaji, na kira wani mai gyara. Ya ce tsarin ya lalace, sai an sake sabo. Na ce ya yi. Ya goge komai, har da takardar.

A zaman sulhu ba mu da abin nunawa sai layi huɗu da na kwafa da hannu. Gefen gonar da ke bakin rafi ya tafi.

Sai bayan wata biyu nake ba matarsa, Yaya Luba, labari. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni.

"Bello, mi ya hana ka tambaye ni? Ai gabas shika kallo in shina aiki. Kullum ina jin shi shina cewa, mu koma arewa, mu dawo kudu."

Ashe haruffan A ne da K, arewa da kudu. Mai kallon gabas hagunsa arewa ne, damarsa kudu, yadda kowane manomi a garinmu ke kwatance. Ni da na yi boko na manta da haka, ita da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba ta riƙe shi, don ita ke kai masa abincin rana shago.

Na gaji da ba kaina uzuri a kan wannan. Kwamfutar ta daɗe da zama tarkace, shagon yanzu ana sayar da katin waya a ciki. Abin da ya saura na Yaya Sani yana wurin matar da ta saurare shi, kuma gidanta bai kai tafiyar awa guda daga inda na zauna ina danne-danne ba. Allah ya jiƙansa da rahama. Ita ta ce ta yafe mini tun ranar, amma har yau ba ta sake taka gonar ba.